Yatsan Inna Saratu a Ƙafar Baka

Ku da kuke zuwa ƙofar gidana kuna tambayata labarin gini, ina lura da yadda kuke kallon juna idan na ce ginin ƙasa sana'a ce. A wurinku laka ce kawai, a kwaɓa a manna, kowa ma ya iya. Kun koyi jera bulon siminti cikin wata uku, kun sayi cokalin gini da igiya, shi ke nan kun zama magina, har kuna ɗaga wuya. To ku gyara zama. Ni Ayuba, wanda tsofaffin Madarumfa har gobe suke kira Nomau, na fi shekara arba'in hannuna cikin laka. Na ɗauki kaya, na hau tsani, na sha rana, amma abin da ya fi ba ni wuya a sana'ar nan shi ne in naɗe hannu in jira laka ta bushe.

Aikin farko da aka ba ni shi ne tattaka. Bayan samun mulkin kai da kaɗan ne, mahaifina ya taso da ni daga ƙauyenmu na wajen Sarkin Yamma ya damƙa ni ga Baba Arzika, babban maginin garin nan a lokacin. Mu gidanmu addinin gargajiya ake yi, shi kuwa Baba Arzika Musulmi ne mai yawan salla da ƙarancin magana. Shekara biyu ban taɓa bango ba. Mu haƙo ƙasa a kududdufi, mu zuba ruwa, mu watsa ramno, wato ciyawar da ake yankawa a gauraya don ta ɗaure laka, mu ƙara kashin jaki, mu tattake da ƙafa. A bar ta ta kwana uku ta ruɓa, a sake tattakewa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana. Idan an fara gini, magini yana zaune bisa bango kamar ya hau jaki, kai kana ƙasa kana jefa masa tubali ɗaya bayan ɗaya. Ka jefa a karkace ya fashe, ka ji sunan kakanka.

Kayan aikinmu ba su da yawa: fartanya, sungumi, kwando, igiya, tsani, da gizago na sassaƙe azara. Amma wanda Baba Arzika ya fi ji da shi babban yatsansa ne. Kowace safiya kafin kowa ya taɓa komai, sai ya zagaya aikin jiya, ya nemi gefen da rana ba ta bugawa, ya kankare fatar laka da farce, ya danna yatsa. In ya shiga ko da kaɗan ne, ranar ba a ƙara komai a kai. Ya kan ce mini, "Kada ka yarda da bayanta, iska ce ta busar da shi. Kankare ka taɓa ciki."

Inda wannan gwaji ya fi nauyi shi ne wajen ɗaura baka. Idan ana son ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya, sai a tayar da ƙafafu huɗu daga bango huɗu. Kowace ƙafa azara ce ake ɗaurewa da igiya, a karkato ta ciki, a lulluɓe ta da laka tun daga ƙasa har sama. A jira ta bushe. A sake ɗaura wani sahu na azara a kanta, ya ƙara leƙowa ciki, a sake lulluɓewa. Haka har sahu uku, sannan a gama bakinsu a tsakiyar sama, su riƙe juna. Kafin su haɗu, ba abin da ke riƙe da kowace ƙafa sai busasshiyar lakar da ke ƙarƙashinta.

Soron wani attajirin gyaɗa a Ɗan Issa shi ne ya koya mini wannan da kyau. Ina shekara ta biyar ke nan a hannun Baba Arzika, na fara jin kaina. Aka yi wa Baba Arzika rasuwa wajen Katsina, ya tafi ta'aziyya, ya bar ni da aikin tare da Tanko, magidanci mai ƴaƴa uku da ya girme ni nesa ba kusa ba. Matar attajirin ta haihu, yana son ya sauki baƙin suna a sabon soro. Ya yi ta zuga ni, wai ni ne Arzika na gobe, wai tsoho ya cika nawa. Na kalli sahu na biyu, kwanansa huɗu, bayansa fari fat. Ban kankare ba. Na ɗaura na uku. Washegari da hantsi ƙafar yamma ta zubo gaba ɗaya, Tanko yana ƙasa yana kwashe laka. Ransa ya tsira, amma ƙafarsa ta dama ta karye gida biyu, har ya mutu yana janta.

Da Baba Arzika ya dawo bai zage ni ba, da ma ya zage ni ya fi mini sauƙi. Ya ɗauko guntun lakar da ta faɗo, ya kama babban yatsana ya danna a ciki, ya nutse har gaɓa. Ya sake ni ya ce, "Koma tattaka." Shekara guda cur na koma ina tattaka da sababbin shiga.

A gidan Tanko na san Inna Saratu. Gwauruwa ce mai sayar da ƙosai a bakin kasuwa, ta taɓa yin doguwar jinya a asibitin mishan ta dawo Kirista, ita ce ta farko a garin nan. Ba ta haɗa komai da Tanko ba, amma kullum sai ta kai masa kunu, ta zauna ta yi masa addu'a in ya yarda. Ni kunya ce take kai ni gidan, in tsaya daga zaure in kasa shiga. Ranar nan ta fito ta same ni ta ce, "Kai ne ka karya shi? To tsayuwa a zaure ba ta ɗori. Ɗauki tulun nan ka ɗebo ma iyalinshi ruwa." Daga ɗibar ruwa na fara bin ta wurin sujada, bayan shekara biyu aka yi mini baftisma aka sa mini Ayuba. Mahaifina ya daɗe ba ya cin abinci ƙwarya ɗaya da ni. Baba Arzika kuwa abin da ya ce kawai, "Wanga tsakaninka da Allah ne. Gobe da sassahe ka zo aiki."

Ɗakin sujadarmu shi ne aikin da nake son ku ji. Mu Kiristocin garin ba mu fi gida goma ba, muna taruwa a rumfar kara a gidan Malam Barnaba, malamin da ke karantar da mu. Akwai Mushe Alber, wato Malam Alber ke nan a Faransanci, mutumin Dahomey da ke aikin duwan, wato kwastan, a Ɗan Issa, mai kirki da gaggawa, komai yana son a yi shi jiya. Da mai gari ya ba mu fili a gefen gari, ba mu tsaya ba, ko da yake shekarar ce ta babban fari, wadda gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Limaminmu da ke zuwa daga Maradi, wanda muke kira Monper, ya yi alkawarin zai zo ranar Nowel, wato Kirsimeti, ya sa wa ɗakin albarka. Aka ɗora mini aikin, na karɓa da murna.

Komai na shekarar ya zo a karkace. Kududdufi ya bushe ya yi tauri kamar dutse, sai muka koma ɗibar baƙar laka daga cikin tafkin garinmu, inda ruwa ya janye ya bari. Wannan laka tana da danƙo, amma in ta riƙe ruwa ba ta son saki. Ramno babu, dabbobi sun cinye har saiwa, sai tsohuwar jinka muka riƙa saukewa muna daddatsawa. Ruwa kuwa mata ne suke ɗebowa daga ramukan da aka haƙa can tsakiyar tafki. Inna Saratu ta tsufa a lokacin, an hana ta ta ƙi. Ta samu ɗan ƙaramin tulu tana bin sahun mata, sau biyu a yini, ta juye a kan laka ta ce, "Ga nawa." Da haka muka tayar da bango, muka ɗaura sahun farko na baka.

Sai lokacin jira ya shigo, wato makonni huɗun da ke gaban Nowel, da muke tuna yadda duniya ta jira zuwan Mai Ceto. Kowace Lahadi akan kunna kyandir ɗaya, har su cika huɗu. Malam Barnaba ya kan ce lokaci ne na gyara zuciya, wanda ke gaba da wani ya je su shirya, wanda ke da loma biyu ya ba da ɗaya. A shekarar nan maganar ba ta baki ba ce. Akwai makiyaya da suka gangaro daga arewa suka yada zango a bakin tafki, dabbobinsu sun ƙare, kowane gida cikinmu yana zuba tafin hatsi a ƙwarya ranar Lahadi a kai musu. Ni kam gaskiya ina zaune a rumfa ina kallon kyandir, amma azara nake lissafawa. Bayan kyandir na farko na ɗaura sahu na biyu. Bayan na biyu na ɗaura sahu na uku. Saura in gama baki bayan kyandir na uku, in aza rufi kafin Nowel.

Ranar Litinin bayan kyandir na uku na zagaya da yatsana. Gabas ta yi, yamma ta yi, arewa ta yi. A watan sanyi rana takan karkata kudu, sai bangon kudu ya yini yana yi wa ƙafarsa inuwa. Na kankare ƙafar kudu na danna, yatsa ya shiga. Talata ya shiga. Laraba ya shiga. A makon nan ne kuma ciwon ƙirji ya kwantar da Inna Saratu, tari ya hana ta ko zama.

Ranar Alhamis Malam Barnaba da Mushe Alber suka same ni a wurin aiki ina zaune ina sassaƙe azara.

Malam Barnaba ya ce, "Ayuba, mi ake jira? Kwana biyar ya rage."

Na ce, "Ƙahwar kudu ɗanya ce, Malam."

Mushe Alber ya ce a hura wuta a gindinta. Na ce wuta bayanta za ta gasa ta tsattsage, ciki yana nan yadda yake. Ya ce to a tokare da gwafa a gama baki a aza rufi, bayan biki a gyara. Na ce, "Mushe, azara tamanin da laka za su hau kanta, mutum arba'in su zauna ƙarƙashi. Gwahwa nawa za ka sa?"

Malam Barnaba ya matso ya rage murya. Ya ce, "Na hito daga wurin Inna. Ba za ta ga wata Nowel ba, kai ma ka sani. Abu guda ta roƙa, ta yi sujada ƙarƙashin ruhin ɗakin da ta ɗebo ma ruwa. Ita ta kawo ka cikin wannan hanya. Ina bangaskiyarka, Ayuba?"

Raina ya ɓaci, don ni ba na son a taɓa ni ta nan. Na ce, "Malam, kai kake riƙe da ashana. Don mi ba ka kunna kyandir huɗun tun Lahadin hwarko mu huta ba?" Mushe Alber ya ce zai nemo wani magini daga Maradi. Na ce ya nemo, amma sai ya fara ɗauke ni daga gindin bangon nan.

A gida ma ban samu sauƙi ba. Matata Rahila ita ke jinyar Inna. Ta kan ajiye mini tuwo ta juya ba ko sannu. Sau uku ina zuwa ƙofar Inna ina dawowa, ga ni dai na sake komawa mai tsayuwa a zaure.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar Asabar na karaya. Na ce wa kaina wataƙila Allah ya riƙe, ai ɗakinsa ne. Na ɗaure azarar gama baki, na rataya igiya a wuya, na hau tsani ban gwada komai ba. Ina sama ina neman inda zan fara, sai ga Tanko a kan hanya, yana kora jakinsa zuwa tafki, yana jan ƙafa, tana zana layi a ƙasa. Ya ɗaga kai ya ce, "Sannu da aiki, Nomau." Ya wuce abinsa. Na daɗe a saman nan. Daga baya na sauko da azarar ɗaya bayan ɗaya, na jingine su, na kwantar da tsani.

Ranar Nowel da hantsi Monper ya iso da motarsa, ya tarar da bango huɗu da ƙafafun baka huɗu suna miƙo wa juna hannu, tsakaninsu fili kamar gaba guda, sama a buɗe. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce ba komai, zai dawo ranar Bikin Bayyanuwa, da muke tuna zuwan masanan gabas wurin Almasihu, bayan kwana goma sha biyu. Aka shimfiɗa tabarmi a ciki duk da haka. Maza huɗu suka ɗauko Inna Saratu a kan gadon kara, ta rame har ba a ganin tudunta cikin zane. Aka yi waƙoƙi, aka yi karatun haihuwar Almasihu, ni ina can baya, ba wanda ya matsa kusa da ni.

Da aka tashi ta ɗaga hannu ta ce a kira ni. Na durƙusa gefen gadon. Muryarta da ƙyar take fita.

Ta ce, "Ɗana, wace ce mai gardamar?"

Na nuna mata ƙafar kudu. Ta ce a kai ta. Aka ɗaga gadon aka ajiye shi jikin bango. Ta ce in gwada mata yadda ake yi. Na kankare fatar laka daidai inda hannunta zai kai. Ta ɗora babban yatsanta, ta danna da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Da ta janye, ga gurbi nan a jikin laka, har da zanen fatar yatsa.

Ta juya wajen Malam Barnaba ta ce, "Barnaba, ko ni da ba ni iya ɗaga ludayi ya shiga. Ɗanya ce. Ku bar mai aiki da aikinshi." Sannan ta kalle ni. "Kai kuma ka daina laɓewa a zaure, Rahila ta hwaɗa mini. Ni jira bai taɓa cuta ta ba."

Ta rasu ranar Alhamis, kwana biyu bayan Nowel. Ranar Asabar na danna ƙafar kudu, yatsana ya dawo da zafi, ba ko alama. Ranar na gama baki. Kwana biyu ne tsakani, kuma wannan kwana biyun sun yi mini ciwo fiye da duk abin da na sani a sana'ar nan. Da za a maido ni ranar haka zan sake yi, amma ban taɓa cewa ba ciwo ba.

A shekarar Babbar Salla ta faɗo gab da Bikin Bayyanuwa. Washegarin Salla, ranar da na sa za a aza rufi, ina tunanin ina zan samu hannu, don rabin mazajenmu sun tafi cin rani, sai ga Baba Arzika da sandarsa, bayansa magina biyar, har da Tanko da gizagonsa. Tsohon bai gaisa da kowa ba sai da ya zagaya ƙafafu huɗu da yatsansa. Ya tsaya a ta kudu, ya sunkuya ya duba gurbin nan.

Ya ce, "Wa ya gwada nan?"

Na ce, "Inna Saratu ce, Baba."

Ya ce, "Allah ya jiƙanta, ta iya." Ya miƙe ya ce, "Aza."

Tanko yana zaune yana daidaita bakin azara, ana miƙo mini, ina jerawa. Mushe Alber ya tuɓe takalmansa na aiki yana ɗauko zana a ka, Malam Barnaba yana riƙe mini tsani. Kafin la'asar mun rufe sama ruf da azara da zana, saura laka, wadda ita ma sai da ta jira lokacinta.

Ranar Lahadi Monper ya dawo. Aka karanta labarin masanan gabas da suka yi doguwar tafiya suna bin tauraro har ya kai su wurin Yaron. Aka yayyafa ruwa a bango huɗu. Mutum fiye da arba'in suka zauna a ƙarƙashin bakan nan, da jarirai a baya, ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon sama, ko ɓurɓushi bai faɗo ba. Wurin da Inna ta saba zama, gaba a gefen mata, ba wadda ta zauna.

Da na zo yin yaɓen ciki, na shafe ko'ina sumul, na zo kan gurbin nan na zagaye shi. Duk wanda ya sake yaɓe ɗakin bayana na gaya masa, kuma duk sun zagaye. Ɗakin yana nan bayan gidan Barnaba, an yi sabon gini na siminti a gefensa, shi kuma ana karatu a ciki. Gobe in kun tashi daga aiki ku biya. Ku nemi ƙafar kudu, ku durƙusa daidai tsayin gadon kara, za ku ga gurbin. Kowannenku ya sa babban yatsansa a ciki ya danna iyakar ƙarfinsa, sannan ku dawo nan mu yi maganar wata ukunku.